Ba Albashi, Ba Aiki

Ranar da mota ta sauke mu a New York, mu biyu ne Hausawa a cikinta, ni da Isufu ɗan Tawa ta Nijar. A hanya muka haɗu, tare aka tsare mu a bakin iyaka, tare aka sake mu, kuma jami'in da ya sallame mu rana ɗaya ya ba mu a kotu, gaban alƙali ɗaya. Sai da ya maimaita mana har ya tabbata mun gane: duk wanda ranar ta zo bai je ba, alƙali zai yanke masa hukuncin kora ko bai taɓa ganin fuskarsa ba. Na linke takardar na cusa a can ƙasan jaka. Tun daga nan ko gishiri zan fita saye, da ita nake fita.

Sunana Rakiya. Akawu ce ni a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, kafin masu garkuwa su tare mijina a hanyar ƙauye. An kai musu abin da suka nema, ba su dawo da shi ba, sai ma suka koma kiran wayata suna faɗa mini kalar ƙofar gidana. Na kai 'ya'yana biyu wurin yayata a wani gari, na fito. Ba na son in tsawaita a kan wannan.

Matar da aka ba ni lambarta aka ce za ta tarye ni, har yau ba ta ɗaga waya ba. Isufu ne ya ga ina zaune kan jakata a tasha ina ta danne-danne, ya ce, "Malama, tashi mu tahi. Ba a barin mace nan." Ya ja ni har unguwar Mount Hope, shagon wani Alhaji Mamman, Bakano da ya daɗe a ƙasar har yana jefa ƙuri'a. Ina sa ƙafa a shagon warin daddawa da busasshen kifi ya doke ni, sai kawai na ji hawaye. Duk wahalar hanya ban yi kuka ba sai a gaban buhun kuka da kuɓewa. Alhaji ya yi kamar bai gani ba, ya miƙo mini kujera, ya shiga buga waya har ya samo mini shimfiɗa a falon wasu mata.

A unguwar aka haɗa mu da wani da ake kira Barista. Ofishinsa na saman shagon aski, yana da kwat da tabarau da Turanci mai santsi. Ya karɓe ɗan abin da ya rage mana ni da Isufu, ya ce maganar kotu mu bar masa, in rana ta matso shi zai kira mu. Sai daga baya muka ji ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa takawa ba. Amma a lokacin mun fito daga wurinsa muna ta sa masa albarka.

Isufu ya samu tebur a bakin babban titin Grand Concourse, yana sayar da huluna da safar hannu da laima, ko wane yanayi da kayansa. Sanyin farko da ya same ni a garin nan, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, ya ga ina hura su, ya ciro safa ya jefo mini. Na ce nawa ne, ya ce, "Ku 'yan Najeriya komi sai kun tambayi kuɗɗinshi. Sa ki wuce." Ni kuma ina tsokanarsa da cewa ya tsallake teku da daji don ya zo ya tsare tebur kamar a kasuwar Tawa. Ya bar matarsa da ciki ya taho, ta haifi 'ya mace bayansa, a waya kawai ya san ta. Duk wanda ya tsaya sayen hula sai ya ga hoton yarinyar, ko yana so ko ba ya so.

Daga Mount Hope na koma Tompkinsville, can tsallaken ruwa, wurin Hajiya Memuna, mutuniyar zangon Kumasi mai gidan abinci. Na yi wankin tukwane har fatar hannuna ta saɓule. Mace ce mai faɗa, amma ba ta taɓa cin abinci ba ta tambaya ko na ci ba. A Hausarsu mace ma "kai" ce, da farko har waiwayawa nake in ga da wa take. A gidanta takardar izinin aiki ta same ni, ita ce kuma ta tura ni koyon kula da tsofaffi. "Kai Rakiya, ka na da boko," in ji ta, "ba za ka mutu cikin tukunya na ba."

Haka na faɗa Parkchester, gidan Misis Doris. Tsohuwa ce baƙar fata, a keken guragu take, ciwon suga ya cinye mata ƙafa ɗaya. Ba a barinta ita kaɗai ko na ɗan lokaci, don takan yi jiri ta zame daga kujera. Aikina in zo da safe in yi mata wanka, in ba ta magani da abinci, in zauna da ita har yamma. Ita kuma aikinta zagin talabijin.

A wurinta na koyi siyasar ƙasar. Jam'iyyu biyu ne, ni da alamarsu na rarrabe su kamar yadda muke yi a gida: masu giwa da masu jaki. Misis Doris 'yar jaki ce tun tana budurwa, ta ce ba ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba a unguwar nan tana neman wa jam'iyya ƙuri'a. Amma ban taɓa jin ta zagi 'yan giwa rabin yadda take zagin shugabannin jam'iyyarta ba. Da an nuno jagoransu na majalisa sai ta ɗaga sanda ta nuna shi. "Dube shi, lusari! Zai fito ya yi ta kumfar baki, gobe a kira shi ɗaki ya sa hannu. Na san irinsu tun kafin a haife shi."

Ana haka rikicin kasafin kuɗi ya taso. 'Yan giwa ke riƙe da mulki, amma ba za su iya wuce da kasafin ba sai da wasu ƙuri'u na 'yan jaki. 'Yan jaki suka ce ba za su bayar ba sai an bar tallafin da ke rage wa talaka kuɗin asibiti. Wa'adi ya cika ba a daidaita ba. Wata safiya na shigo na tarar da Misis Doris ta ƙura wa talabijin ido, ta ce mini, "An rufe gwamnati."

Gabana ya faɗi, don a inda na fito irin wannan magana da kakin soja take zuwa. Na leƙa taga, na ga motocin haya na wucewa, yara na tafiya makaranta. Ta yi mini bayani cewa ba soja ba ne, kuɗi ne aka hana fita, ma'aikatan tarayya ba za su ga albashi ba sai an shirya. Sai hankalina ya kwanta, na ce a raina, ashe yajin aiki ne. Wannan kuwa na san shi ciki da bai. Da hannuna na taɓa riƙe sarƙa shugaban ƙungiyarmu ya datse kwaɗo a ƙofar sakatariya, muna ɗaga murya muna cewa ba albashi, ba aiki. Har ciyawa ta rufe harabar, awaki suka mayar da barandar ofishin shugaba wurin kwana. Ko takardar haihuwa kake so, sai ka jira rediyo ta ce an janye.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba a buɗe ba. Dama rayuwa ta riga ta yi tsada, mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗi, ƙwai ya zama abin marmari, abin da nake turawa yara kullum raguwa yake. Sai kuma aka ce katin abincin da gwamnati ke zuba wa marasa ƙarfi ba za a zuba masa komai ba a watan. Misis Doris na cikin masu katin. Na koma raba mata gwangwanin miya biyu, ina ƙara ruwa a ɓoye. Ɗanta Darrell, wanda ke aikin binciken fasinjoji a filin jirgin sama, ya kasa biyan haya ya tattaro kayansa ya dawo falonta. Kullum na zo da safe yana kwance kan doguwar kujera ya rufe kai da bargo, har in tashi bai gama wartsakewa ba. Na dube shi na ce, Allah sarki, haka mu ma muka yi ta kwanciya a gida lokacin namu.

Ranar kotunmu kuwa tana ta matsowa. Na kira Barista har na gaji, wayar na shiga ba a ɗauka, daga baya ma ta daina shiga. Ranar hutuna na je Mount Hope, na hau saman shagon askin, na tarar da wata mata tana yi wa wata kitso a inda teburinsa yake. Ya yi ɓatan dabo.

Na sauko na shiga shagon Alhaji Mamman raina a ɓace. Na tarar da wata mata a gaban kanta, an goga katinta ya ƙi, tana mayar da man gyaɗa da shinkafa kan kanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta kallon kowa. Alhaji ya tura mata shinkafar ya ce ta tafi da ita. Tana fita ya juyo kan Hajiya Memuna, wadda ta tsallako sarin garin rogo.

"Kin gani ko? Aikin mutanenku ke nan. Su ba da ƙuri'a a buɗe gwamnati mana! Jama'a na jin yunwa suna can suna taurin kai."

"Mutanen wa?" Hajiya ta ajiye jakarta. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wa ke riƙe da mulki? Ba kai ka zaɓe su ba, ka ce za su sauke price? To ina price ɗin ya sauka? Insurance na na asibiti kaɗai in sun cire tallafin nan, na rufe shago koraa."

"Naku ɗin da suka yi mulki me suka sauke? Shugabanninku ko taron suna ba za su iya haɗawa ba."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Hajiya, "amma ba kai za ka faɗa ba."

Isufu na tsaye bakin ƙofa da wayarsa a hannu. Ya bar layinsa ya mutu saboda tsada, sai ya zo shagon yake samun intanet ya ga 'yarsa. Ya bari suka lafa sannan ya ce, "Alhaji, mu hwa mi za mu yi? Ranarmu ta kusa, avocat ɗin nan, Barista, ya gudu."

Alhaji ya gyara hula. "Kotun nan ta wa ce? Ta tarayya. Wa ke biyan judge? Tarayya. To an ce muku shutdown, a rufe take ruf. Wa zai zo ya zauna muku kyauta? In an buɗe za su aiko muku da sabuwar rana."

"Haka na ce," in ji Isufu. "Can wurinmu in an shiga grève, yajin aiki, ko mai gadi gona yake tahiya."

Hajiya Memuna ta dube ni. "Kai Rakiya, ka yi hankali paa. Garin nan ba a gane kansa." Na ce to ita me ta sani, ta ce ita ba ta san komai ba, jikinta ne kawai bai ba ta ba.

Alhaji ya rage murya. "Kuma ko a buɗe take, kun dai ji abin da ake yi a ginin nan. Mutum ya fito daga gaban alƙali, wasu su tare shi a baranda, shi ke nan."

Mun ji. Kowa ya ji labarin masu rufe fuska da ke tsayuwa a ƙofar kotu. Gaskiyar magana, maganar Alhaji ta yi mana daɗi. Ba sai na rasa aikin yini ba, ba sai Isufu ya naɗe teburinsa ba, ba sai mun bi ta gaban mutanen nan ba. Kuma ta yi daidai da duk abin da na sani game da gwamnati tun ina yarinya. Na koma gida da sauƙi a ƙirjina, wanda rabona da shi tun kafin in ga bakin iyaka.

Ranar ta zo da ruwan sama. Na tashi na sa rigar aikina na tafi Parkchester kamar kullum. Ina buɗe ƙofa na ji ƙamshin guga. Darrell na tsaye a falo da singileti, ya shimfiɗa shuɗiyar rigar aikinsa yana bin ta da dutsen guga, takalmansa na gefe sun sha mai.

Na ce, "An buɗe ne?"

Ya ce, "Me?"

"Gwamnati."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ina fa."

"To ina za ka?"

"Aiki. An mayar da ni na rana daga yau."

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Na ce, "Da can fa? Ba a gida kake ba?"

"Na dare nake yi. Ina dawowa ke kina shigowa."

"An biya ku ke nan."

"Ko sisi. Tun da aka fara."

Na ji abin kamar almara. Na ce, "Ba a biya ku ba, kuma kuna zuwa? Ƙungiyarku fa? Ba wanda ya sa kwaɗo?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce doka ta hana su yajin aiki. Duk wanda aka ce aikinsa dole ne, zai je ko da yunwa, in bai je ba a kore shi. Ya ce rabin gwamnati haka take tafiya yanzu, masu tsaro, masu kula da jirage, masu gadin kurkuku.

Na ce, "Alƙalai fa? Na kotun baƙi?"

Ya ajiye dutsen gugan. Misis Doris, da ke jin mu daga ƙofar ɗaki, ta turo kekenta. Ta ce, "Yaushe ne ranarki?"

Na ce, "Yau."

Darrell ya karɓi takardar daga hannuna, ya danna lambar da ke jiki a wayarsa, ya juyo mini da fuskar wayar. Ga sunana, ga ranar, ga ɗakin, ba abin da aka ɗage. Lokacin da aka sa mana kuwa ya riga ya gota.

Misis Doris ta buga sandarta a ƙasa. "Me kike jira? Fita!"

Na ce ba zan iya barinta ita kaɗai ba, ko maganin safe ban ba ta ba. In na fita wani abu ya same ta, aikin da takardar izinin duk sun tafi. Na dubi Darrell, shi ma ya dubi rigarsa da ke shimfiɗe. Sun daina biyansa, amma ba su daina rubuta wanda ya makara ba. Sai ya zare wayar dutsen gugan daga bango.

"Tafi. Ina nan har ki dawo."

"Ba a zuwa gaban alƙali da rigar wanke tsofaffi," in ji uwar. Ta sa ya ciro mata kwat ɗinta ta zuwa coci, ruwan toka mai manyan maɓallai. Ta yi mini yawa, na zura a haka na fita da gudu.

Jirgi mai lamba shida daga Parkchester a sama yake fara tafiya kafin ya nutse ƙasa. Ina shiga na kira Isufu, na manta layinsa a mace yake. Na kira Alhaji Mamman.

"Alhaji, kotu a buɗe take! Don Allah a nemo Isufu!"

"Wa ya ce miki?"

"Na gani da idona a waya. Alhaji, don girman Allah."

"Ikon Allah. To ai ba ya nan. Da ya ga hadari tun da sassafe ya kwashi laima ya yi cikin gari, can wajen manyan ofisoshi. Ni kaɗai ne a shago, kuma ban san kwanar da yake tsayawa ba."

Na ce ya rufe shagon, ya tura duk wanda ya gani. Yana cikin cewa zai gwada, sai jirgin ya shige rami, maganar ta yanke. Daga nan sai tasha bayan tasha, ko wacce sai an buɗe ƙofa an jira, mutane na shigowa a natse suna karkaɗe ruwa. A wani wuri jirgin ya tsaya cak cikin duhu, aka yi sanarwar da ban fahimta ba. Na karanta duk addu'ar da na iya. Ina tuna ƙaramin ɗana, wanda duk muka yi waya sai ya tambaye ni yaushe zan aiko a ɗauke su. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga halin da nake ciki, ta ɗora hannunta a kan gwiwata har jirgin ya motsa.

Na fito a tashar ƙarshe na ratsa ruwan da gudu. Ginin na nan a buɗe, fitilu a kunne, layi har waje. Ba sarƙa, ba kwaɗo. Masu gadi na ta binciken jakunkuna, fuskokinsu a gajiye. Na hau sama. A barandar na gan su, mutanen da ake faɗa, sun jingina da bango, fuska a rufe, suna bin kowa da ido. Na sunkuyar da kai na bi ta gabansu cikin kwat ɗin Misis Doris.

Magatakardar kotun wata mata ce mai furfura. Na miƙa mata takardata. Ta duba, ta ce an riga an kira ni ba na nan. Ta dube ni daga kai har ƙafa, ruwa na ɗiga daga gyalena, sannan ta ce alƙali yakan sake kiran waɗanda ba su amsa ba kafin ya tashi, in kashe waya in shiga in zauna.

Na zauna a bencin baya. Duk buɗe ƙofar da za a yi sai na waiwaya.

Da aka zo kaina, aka haɗa ni da tafinta ta waya, murya na fitowa daga wata 'yar na'ura a kan tebur. Hausar Damagaram ce. Jin ta a wannan ɗaki ya kusa sa ni kuka. Alƙalin dattijo ne, idanunsa sun yi ja. Ya tambayi lauyana, na ce wanda na samu ya gudu. Ya girgiza kai kamar ya saba ji, ya ce in nemi na gaskiya, ya ba ni wata ranar a shekara mai zuwa. Abin da na tsallake ke nan, cikin ɗan lokacin da bai kai a dafa shayi ba.

Ban kai ga ƙofa ba na ji ya kira suna na gaba. Bai iya faɗa daidai ba, sai tafintan ya gyara masa.

"Isufu Mahamadu. Isufu Mahamadu, kana nan?"

Ɗakin ya yi tsit. Na juyo na ce, "Ya mai shari'a, yana garin nan. Wallahi ba guduwa ya yi ba. Ya ɗauka an rufe ne, tun da ba a biyan ku."

Alƙalin ya cire tabarau ya murza ido. Ya tambaya ko ni lauyarsa ce, na ce a'a. Matarsa? A'a. Ya ce ya ji abin da na faɗa, amma doka ba ta ba shi damar karɓar uzuri daga bakina ba. Ya sa aka leƙa baranda aka sake kira. Na ji sunan yana tafiya cikin barandar har ya ɓace. Sannan ya jawo takarda ya sa hannu, tafintan ya fassara hukuncin korar da Hausa tsaf, alhali ba mai jin Hausa a ɗakin sai ni.

Daga baya an buɗe gwamnati. Wasu 'yan jaki suka ba da ƙuri'a, shugabanni suka fito ko wanne na cewa shi ya yi nasara, Misis Doris ta jefi talabijin da silifa. An biya Darrell, an zuba wa kati abinci. Maganar Isufu kuwa har yau muna kai da kawowa wurin wata lauya ta gaskiya da Hajiya Memuna ta samo, ta ce za ta roƙa a sake buɗe shari'ar, amma ba ta yi mana alkawari ba. Alhaji Mamman ne ke ɗaukar nauyi, kuma tun ranar ban ƙara jin ya yi fatawa a kan gwamnati ba. Duk wannan daga baya ne.

A ranar dai, sai da na koma Parkchester na sallami Darrell ya tafi aikinsa a makare, na ƙarasa yinina, sannan na nufi Mount Hope da yamma. Ruwan bai ɗauke ba. Tun daga nesa na hango Isufu, yanzu ya dawo daga cikin gari, ko shagon Alhaji bai leƙa ba, yana ɗaure ledar da ya rufe teburinsa da ita. Yana ganina ya washe baki.

"Malama! Yau kasuwa ta yi. Laima duk ta ƙare, wallahi har rububi suka yi. Gobe in sha Allahu in aika ma ɗiyata kayan sanyi." Ya dubi kwat ɗin da na manta ban mayar ba. "Kai, wanga kwalliya hwa? Ina kika hito haka?"

Ya ga ruwa na zuba a kaina, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ciro wata laima da ya ɓoye wa kansa, ya buɗe ta ya miƙo mini.

"Riƙe. Kada ki tambaye ni kuɗɗinta."

Na karɓa, na matsa kusa na rufe mu da ita mu biyu. Na ce, "Isufu, zauna tukuna."